Tambaya da Amsa: Wane Shafin Foka Zan Amince Wa Da Kuɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne da na gama jami'a, ina taɓa gyaran waya a Kaduna kafin Allah ya kawo aikin yi. Na daɗe ina buga wasan kartar nan da ake kira foka a wayata ba tare da kuɗi ba, har na kai matsayin da da wuya a tashi wasa ban cinye abokan karawata ba. Yanzu ina so in fara bugawa da kuɗi na gaske a intanet, amma shafukan sun yi yawa, kowanne yana cewa shi ne sahihi, wasu ma suna alkawarin ninka wa mutum abin da ya fara zubawa. Wani abokina ya ce mini foka ba caca ba ce, wasan basira ne kamar dara. Ina roƙon a taimaka mini da hanyar da zan gane shafin da ba za a cuce ni ba. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan ambata maka sunan wani shafi in ce je ka ka zuba kuɗinka ba, kuma ba rowar sani ce ta hana ni ba. Abin da ya hana ni shi ne, idan muka bi ma'aunan da masu wannan harka da kansu suke bi wajen tantance shafi, wato lasisi da sunan kamfani da amincin wasa da la'ada da garabasa da hanyar cire kuɗi, za ka ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da yake kare mutumin da ke zaune a Kaduna da wayarsa a hannu. Bari mu bi su, ka yi hukunci da kanka.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Lallai akwai basira a foka, domin wanda ya iya lissafin yiwuwar fitowar karta, ya kuma iya karanta halin abokan wasa, zai fi wanda bai iya ba idan aka daɗe ana bugawa. Sai dai a dara babu abin da yake a ɓoye, kowa yana ganin gurbi da 'ya'yan kowa, alhali a foka ana zuba kuɗi ne a kan kartar da ba a buɗe ba tukuna, wanda ya ci ya kwashe na sauran ba tare da ya sayar musu da komai ko ya yi musu wani aiki ba. Wannan shi ne ainihin abin da malamai suke kira caca, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, ga aya ta 219 a Suratul Baƙara, ga kuma ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida. Ƙwarewar ɗan wasa ba ta canza sunan abin. Abin da take yi kawai shi ne ta nuna inda kuɗin zai gangara, wato daga aljihun sababbin shiga zuwa aljihun tsofaffin hannu.

Cin da kake yi a wasan kyauta kuwa, kada ka ɗauke shi a matsayin shaida. Mutumin da ba shi da abin asara yakan tura duk abin da ke gabansa da kowace irin karta, don haka duk mai ɗan haƙuri zai cinye shi. A teburin kuɗi na gaske za ka tarar da mutanen da wannan ce sana'arsu, suna buɗe tebur da yawa a lokaci guda, wasunsu kuma suna da manhajar da ke rubuta kowane motsi da ka taɓa yi, ta nuna musu sau nawa kake shiga wasa da sau nawa kake janyewa idan an matsa maka. Labarin da ya ja miliyoyin mutane cikin wannan harka shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, wanda ya sami gurbi ta intanet da dala 86, ya je Las Vegas a 2003 ya ci babbar gasar foka ta duniya da dala miliyan 2.5. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne mutum 839 ne suka shiga gasar a waccan shekara, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi yawansu hannu Rabbana suka koma gida.

Abu na farko da ake cewa a duba shi ne lasisi. A ƙasan shafin, cikin ƙananan rubutu, za ka ga sunan hukumar da ta ba shi izini, kuma hukumomin ba ɗaya suke ba. Hukumar kula da caca ta Birtaniya da ta Malta suna da tsauraran sharuɗɗa, suna binciken asusun kamfani, suna kuma cin tara. Tsibirin Curaçao da ke tekun Karibiyan kuwa ya shafe shekaru yana bin wani tsari inda kamfanoni huɗu kacal suke riƙe da babban lasisi suna sayar wa ɗaruruwan shafuka ƙananan lasisi, kusan babu mai sa ido, sai a ƙarshen 2024 aka kawo sabuwar doka don gyara lamarin. Akwai kuma shafukan da hoton tambarin hukuma kawai suke liƙawa, wanda idan ka nemi lambar lasisin a rajistar hukumar ba za ka same ta ba. To amma ko da lasisin na gaske ne, tambayar da ya kamata ka yi ita ce, wa yake karewa? Lasisin Birtaniya an yi shi ne domin mazauna Birtaniya. Idan kamfanin da ke da rajista a wani tsibiri a tekun Karibiyan ya riƙe maka naira dubu ɗari biyu, kuɗin lauyan da zai rubuta musu takarda ɗaya ya fi abin da kake bi.

A gida ma lamarin ya canza. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta jagoranta cewa tsara harkar caca da kuri'a hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 kuma ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan ita ce takardar izini daga Abuja ko daga hukumar jihar Legas ba ta halatta komai a jihar da dokarta ta hana. A jihohin Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga 1999 da 2000, caca laifi ce ga Musulmi, kuma kowa ya ga yadda Hisbah ta Kano ta riƙa rufe shagunan cacar ƙwallo a ƙarshen 2024. Saboda haka wanda aka cinye wa kuɗi a irin wannan shafi yakan rasa inda zai kai kuka, domin kai ƙarar ma tamkar tona wa kai asiri ne.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne sunan kamfani da girmansa, kuma a nan tarihin wannan harka yana da darasin da ya kamata kowa ya sani. A farkon 2011 shafin foka na Full Tilt Poker shi ne na biyu a girma a duniya, yana da lasisin hukumar tsibirin Alderney, fitattun 'yan wasa irin su Howard Lederer da Chris Ferguson suna cikin masu shi, ana nuna tallarsa a talabijin. Duk wanda ya nemi shawara a lokacin, da wuya a rasa sunan wannan shafi a cikin ukun farko da za a lissafa masa. A ranar 15 ga Afrilu, 2011, masu gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka a New York suka tuhumi shugabannin manyan shafukan foka uku, PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker, suka ƙwace adireshin shafukansu. PokerStars ya biya 'yan wasansa cikin ɗan lokaci, amma Full Tilt ya kasa, kuma da aka buɗe littattafai sai aka gano cewa a ƙarshen watan Maris na shekarar 'yan wasa suna bin sa kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa na banki bai wuce kimanin dala miliyan 60 ba. Masu gabatar da ƙara sun ce an raba wa masu kamfanin sama da dala miliyan 440 a cikin shekaru huɗu. Lambar da kowane ɗan wasa yake gani a allonsa, wadda yake ɗauka kuɗinsa ne a ajiye, lamba ce kawai. Sai da PokerStars ya sayi kamfanin a 2012 cikin wata yarjejeniya ta dala miliyan 731 da gwamnatin Amurka kafin aka fara biyan mutane, 'yan Amurka kuwa sai a 2014 kuɗinsu ya fara dawowa. Waɗanda suke da kuɗi a Absolute Poker sai a 2017 aka buɗe musu hanyar neman nasu. Waɗannan mutane ne da gwamnati mafi ƙarfi a duniya ta tsaya musu.

Abu na uku shi ne amincin wasan kansa. Shafuka sukan nuna takardar wani kamfanin gwaji da ke tabbatar da cewa kwamfutarsu tana cakuɗa karta ba tare da son kai ba, kuma a manyan shafuka mai yiwuwa hakan gaskiya ne, domin ba su da buƙatar murɗe karta kafin su ci riba. Maguɗin da aka kama a tarihi ta wata ƙofar ya shigo. A 2007 'yan wasa a Absolute Poker suka lura da wani asusu mai suna Potripper da ya ci gasa ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba, yana janyewa daidai lokacin da abokin karawa yake da karta mai ƙarfi, yana afkawa daidai lokacin da ba shi da komai. Wanda ya zo na biyu ya nemi a turo masa tarihin wasan, sai aka turo masa fayil ɗin da ke ɗauke da kartar kowa da kowa da bayanan masu kallo, daga nan 'yan wasa da kansu suka gano cewa wani na cikin gida ne yake ganin kartar kowa. Shekara guda bayan haka aka bankaɗo irin wannan a wani shafin, UltimateBet, inda aka mayar wa waɗanda aka cuta sama da dala miliyan 20. A duka biyun ba hukuma ce ta fara ganowa ba, waɗanda aka yi wa satar ne.

Yau barazanar ta fi haka sauƙin aikatawa. Mutum biyu ko uku za su iya zama a tebur ɗaya suna faɗa wa juna kartarsu ta WhatsApp, kai kana tsakiya ba ka sani ba. Akwai kuma manhajojin da ke buga wasa da kansu dare da rana ba gajiya. A 2019 masana daga jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook sun ƙera wata manhaja mai suna Pluribus wadda ta doke ƙwararrun 'yan wasan duniya a tebur mai mutum shida. Manyan shafuka suna farautar irin waɗannan asusai suna rufewa, ƙananan kuwa ba su da ma'aikatan yin hakan, wasunsu ma ba su da dalilin yi, tunda asusun da ba ya barci ya fi kowa biyan la'ada.

La'adar nan ita ce zuciyar maganar, kuma ita ce abin da ba ya canzawa ko da ka sami shafin da ya fi kowanne gaskiya. Kamfanin ba ya karawa da kai. Abin da yake yi shi ne ya yanki wani kaso daga kuɗin da aka tara a tsakiya a kusan kowane zagaye, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka, a gasa kuma ya ɗora nasa a kan kuɗin shiga. Kashi 5 ba ya tsorata kowa, don haka bari mu yi lissafi da misali. A ce ku shida ne a tebur, kowa ya zo da naira 10,000, jimilla 60,000. A ce abin da ake tarawa a zagaye guda ya kai 2,000, kamfani ya cire 100. Wasan intanet yana da sauri domin babu mai raba karta da hannu, saboda haka zagaye hamsin da ake cire la'ada a cikin awa ɗaya ba abin mamaki ba ne, wato 5,000 ke nan a awa. Idan kuka zauna daga bayan isha'i zuwa ƙarfe biyun dare, awa shida, kamfani ya kwashe 30,000, rabin duk abin da kuka zo da shi, ko da ƙwarewarku ɗaya ce. Kamar mutum shida ne a kara suke ta sayar wa juna rago ɗaya tun safe, dillali yana karɓar la'adarsa a kowane ciniki. Da yamma ragon yana nan yadda yake, kuɗin kuwa sun koma aljihun dillali. Kafin mutum ya fita da riba dole ne ya fi abokan wasansa da tazarar da ta zarce wannan yanka, kuma a ƙananan tebura, inda sababbi suke farawa, a nan yankan ya fi ciwo, domin kuɗin tsakiya ba ya kai iyakar da ake daina cirewa.

Garabasar da ka ambata, ta ninka kuɗin farko, banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan ka karanta sharuɗɗan za ka tarar ba a zuba maka ita a asusu nan take. Ana sakinta ne kaɗan-kaɗan gwargwadon la'adar da ka biya, cikin wa'adin da aka ƙayyade, kuma a ƙa'ida abin da za ka biya kafin a saki wani kaso ya fi kason yawa. Manufarta ita ce ta sa ka daɗe a zaune, ka kuma hau teburin da ya fi ƙarfinka don ka cika sharaɗi kafin wa'adi ya ƙare. Haka nan shafukan da ke jera “mafi kyawun gidajen foka goma”, yawancinsu ana biyan su ne a kan duk mutumin da ya yi rajista ta hanyarsu, wasu ma suna samun kaso daga la'adar da zai riƙa biya muddin yana wasa.

Saura hanyar kuɗi, wadda a wurinmu ita ce ta fi kowace rauni. Zubawa ba ta ɗaukar minti biyu, ba a kuma tambayarka komai. Ranar da ka nemi cirewa ne za a ce ka turo fasfo ko katin ɗan ƙasa, da takardar da ke nuna adireshinka, da hotonka riƙe da katin, wani lokaci har da shaidar inda ka samo kuɗin. Wanda ya shiga da VPN yana nuna cewa yana wata ƙasa, ko ya yi rajista da sunan wani, a nan asirinsa yake tonuwa, kuma sharuɗɗan da ya danna ya amince da su sun ba kamfani damar rufe asusun. Saboda wahalar da aka sha a baya wajen biyan kuɗin waje da katin naira, matasa da yawa sun koma bin wakilai: ka tura wa wani mutum naira ta banki ko kirifto, shi kuma ya zuba maka maki a wata manhaja wadda a rubuce ta ce wasan nishaɗi take yi ba na kuɗi ba. A irin wannan tsari babu kamfanin da ya san da kuɗinka. Suna hannun mutumin da ba ka san shi ba sai ta lambar Telegram, kuma ranar da ya ga abin da ya taru ya ishe shi, sai ya goge zauren ya canza layi.

Kai da kake da sana'ar gyaran waya a hannu, shawarata ita ce kuɗin da ka ware don wannan ka sa su a kayan aiki. Idan kuma lissafin yiwuwa da karanta halin mutane ne suke burge ka a foka, wannan baiwa ce da ake nema a fannin nazarin alƙaluma da kasuwanci, kuma ana koyar da su kyauta a intanet ɗin da kake shirin kai wa kuɗinka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Birmingham ta ƙasar Ingila. A nan caca halal ce a doka, kuma shafukan suna da lasisin gwamnati. Shin abin da ake faɗa na haɗarin waɗannan shafuka ya shafe mu, ko kuwa na mutanen gida ne kawai? Daga wani ɗalibi a Birmingham.

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiya ne kariyar da kake da ita ta fi ta mai tambayar farko nesa ba kusa ba. Duk shafin da ke karɓar mazauna Birtaniya dole ne ya mallaki lasisin hukumar ƙasar, kuma kowa yana iya duba sunansa a rajistarta. Dole ne ya tabbatar da shekarunka kafin ka fara wasa, ya kuma bayyana a sharuɗɗansa matsayin kariyar kuɗin abokan hulɗa idan ya karye, domin akwai waɗanda suke rubutawa ƙarara cewa kuɗin ba su da kariya, doka kuma ta yarda da hakan muddin sun faɗa. Tun daga Afrilun 2020 an hana yin caca da katin bashi. Idan rigima ta taso tsakaninka da kamfani, akwai masu sasanci masu zaman kansu da za ka kai wa ƙara ba tare da ka biya ba.

Duk wannan yana rage yiwuwar a gudu da kuɗinka ne, bai taɓa lissafin la'adar da muka yi a sama ba, bai kuma rage ƙwarewar waɗanda za ka zauna da su ba. Ya kamata ka lura cewa ƙasar da ta halatta abin ita ce kuma ta wajabta wa shafukan shiga GamStop, tsarin da mutum yake rubuta sunansa don a hana shi shiga dukkan shafukan da ke da lasisi na wata shida ko shekara ɗaya ko shekara biyar, hukumar lafiyarta kuma ta buɗe asibitoci na musamman don masu jarabar caca. Gwamnati ba ta kashe kuɗi a kan cutar da babu ita. Ga ɗalibi akwai ƙarin haɗari, domin kuɗin da ke asusunsa galibi na makaranta ne da na haya, wanda iyaye suka canza daga naira da tsada, kuma rashin biyan kuɗin makaranta yana iya taɓa takardar zamansa. Halaccin dokar ƙasa kuwa bai shafi hukuncin addini ba, wannan ka riga ka sani.

TAMBAYA: Malam, ina cikin damuwa. Maigidana ɗan kasuwa ne, kuma kwanan nan na gano cewa yana raba dare yana buga karta a waya da kuɗi. Ya amsa mini cewa wani wakili ya riƙe masa kuɗi masu yawa, ya ce sai ya ƙara zuba wasu kafin a saki na farkon. Yanzu yana so in ba shi sarƙata ta zinare ya jinginar, ya ce da zarar an saki kuɗin zai daina har abada. Ban faɗa wa kowa ba saboda gudun tona asirinsa. Me ya kamata in yi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Malama, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Kada ki bayar da sarƙar. Babu wani tsari na gaskiya da ake cewa sai mutum ya ƙara zuba kuɗi kafin a ba shi nasa. Wannan tsohuwar dabarar 'yan damfara ce, kuma idan aka biya na farko, za a ƙirƙiro na biyu da sunan haraji ko kuɗin tantancewa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kuɗin da ke hannun wakilin sun tafi, kuma gara maigidanki ya ji wannan daga bakin wanda yake ƙaunarsa tun yanzu. Ku kuma yi hattara da waɗanda za su bullo daga baya suna cewa sun iya ƙwato kuɗin da aka damfara idan aka ba su wani abu, domin sau da yawa su ne dai mutanen farko da sabuwar lamba.

Alkawarin da ya yi na dainawa bayan an saki kuɗin, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi shi, amma bin asara don a fanshe ta yana daga cikin manyan alamomin da likitoci suke dubawa, tare da ɓoye wa iyali da cin bashi don a ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca a jerin cututtukan da ake yi wa magani, saboda haka abin ya wuce a ce rashin tsoron Allah ne kawai ko taurin kai, ko da yake nasiha da addu'a suna da babban gurbi. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau suna ganin masu fama da jaraba iri-iri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Rufin asirin miji abu ne mai kyau, amma ɗaukar wannan kaya ke kaɗai zai fi ƙarfinki, shi ma ba zai taimake shi ba. Ki zaɓi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayansa ko kawunsa ko malaminsa, ki gaya wa maigidan naki tukuna cewa za ki sanar da shi, don kada ya ji kamar an kai ƙararsa ta bayan fage. A zaman da za a yi, a nemi ya faɗi dukkan bashin da ke kansa ba tare da ragi ba, musamman na manhajojin bayar da rance, waɗanda suke da halin aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci idan ya makara, da kuma kayan mutane da ya karɓa a kasuwa bai biya ba. A goge manhajojin a gaban wannan babban, a fita daga zaurukan, kuma na wani lokaci kuɗin kasuwa su riƙa bi ta hannun wani amintacce, shi kuma a bar masa na cefane da na mota.

Kafin a goge komai, a ɗauki hoton duk hirar da ya yi da wakilin, da rasit ɗin kowane kuɗi da ya tura, da lambar asusun da sunan da ke kansa. Da waɗannan zai iya rubuta wa bankinsa ƙorafi, ya kuma kai wa EFCC ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Zai fi kyau ya fara zama da lauya, saboda a Kano cacar kanta laifi ce, kuma lauya ne zai nuna masa yadda zai gabatar da ƙarar damfara da abin da ka iya biyo baya. Sarƙarki da sauran kadarorinki kuwa, ki kai su ajiya gidanku har sai an ga ƙarshen bashin.